Ruwan Famfo a Tafkin Hannah

Laraba, 2 ga Maris 1988, da yamma

Yaya Irimiya ya zo ɗazu a kan kekensa, ya kwashi sauran kayan Hannah. Zannuwa, takalmin coci, da man da take shafawa a ƙafa. Shi ne babban wanta, kuma tun da na aure ta bai taɓa shigowa gidan nan ya ƙi zama ba sai yau. Ya ce yana so ya isa gidansu a Maikunkele, inda take yanzu, kafin duhu.

Na tambaye shi jikinta. Ya ce da sauƙi, ta fara cin abinci. Na ce ko ta ba shi wani saƙo. Sai da ya gama ɗaure kayan a bayan keke sannan ya ce, "Ta ce ka kula da kifinta."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Shekwolo."

Da ya tafi na zagaya bayan gida. Ɗan tafkin nata yana gindin gwaiba, bai fi faɗin tabarma biyu ba. Ita ta gina shi da hannunta da ragowar simintin da aka yi mana gyaran bayi, ta kawo ƙananan karfasa daga rafin bayan gonar babanta, da tarwaɗa guda da take kira Hedimasta saboda gashin bakinsa. Kwaɗi suka zo da kansu. Kurciyoyi da ƙadangaru ma nan suke shan ruwa. A watannin baya, da ƙafafunta suka fara kumbura, nan take zama da yamma ta tsoma su ciki, kifin suna zuwa suna taɓa mata yatsu.

Ruwan ya ja baya sosai. Ya yi kore shar. Famfon unguwarmu ta Bosso ya daɗe bai kawo ko ɗigo ba.

Alhamis, da safe

Na ba su dusa. Sun ci. Ban buɗe ƙaramin ɗakin ba.

Jumma'a, 4 ga Maris, bayan an tashi makaranta

Zafi kamar a bakin murhu. Na koyar da 'yan aji huɗu yadda damina ke faɗuwa, ina magana ina jin muryata kamar ta wani.

Da na dawo na tarar da kafinta a ƙofar gida, ya ɗauko ɗan gadon da muka sa shi ya yi tun Janairu. Ya shafa masa fenti ruwan ƙwai kamar yadda ta ce. Yana ta murmushi yana ba ni haƙuri wai ya makara. Babu wanda ya gaya masa. Ni ma ban gaya masa ba. Na ce ya ajiye a baranda, na yi masa godiya, na rufe gadon da tsohon bargo.

Ruwan tafki ya ƙara sauka. Bayan Hedimasta har yana fitowa waje in ya juya.

Asabar, 5 ga Maris, da hantsi

Famfo ya kawo. Tun da asuba na ji yana tari, sai ga ruwa da ƙarfi, fari-fari kamar an ɗiga masa madara. Yana da wani wari mai shiga hanci, irin na barandar asibiti. Duk layin gidajen malamai an fito da bokitai.

Na cika randa da duro, sai na ce yau zan yi wa Hannah abin kirki. Na kame kifin na zuba a baho. Hedimasta ya yi ta fisge-fisge yana dukan ƙananan, don haka na ware shi a bokiti da ɗan tsohon ruwan. Na kwashe koren ruwan kaf na watsa wa ayaba. Na sa buroshi na kankare gansakukar da ta kama bangon, har simintin ya fito fari kamar sabo. Na sa tiyo na cika shi har baki, na mayar da karfasan.

Ina iya ganin kowace tsakuwa a ƙasa. Tun da abin ya faru ban ji sanyi a raina ba sai yau. In ta dawo za ta ga na kula.

Zan leƙa kasuwa in sayo dusa.

Asabar, da la'asar

Duk sun mutu.

Lahadi, 6 ga Maris, da rana

Ban je coci ba.

Jiya da na dawo na same su a saman ruwa, cikinsu a sama, bakinsu a buɗe. Har da mai tsagaggen wutsiya da take kira Gwaggo. Ƙananan 'ya'yan kwaɗin da na watsar da tsohon ruwa sun bushe a gindin ayaba, ban ma lura da su ba lokacin da nake kwasa. Hedimasta ne kawai ya tsira, shi ma don na manta shi a bokiti.

Na ɗauki fartanya na haƙa rami a bayan ɗakin girki. Na jera su a ciki. Na mayar da ƙasa da sauri na shige ɗaki.

Litinin, 7 ga Maris, lokacin tara

Na gaya wa Kambai a ɗakin malamai. Shi ke koyar da kimiyya, kuma shi ne kaɗai a makarantar da bai canja muryar da yake mini magana da ita ba. Ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Ruwan yana wari?"

Na ce yana yi.

"Kulorin ne. Maganin da ake zuba wa ruwan famfo don ya kashe ƙwayoyin cuta. In bututu ya daɗe a bushe sukan ƙara shi, kuma daidai suka yi, in ba haka ba da rabin Minna na kwance da gudawa. Mu yana kare mu. Amma kifi da ruwan yake numfashi. Jan naman nan da ke ƙarƙashin kumatunsa, shi yake ƙonewa."

Na ce tsabta nake nema musu.

Ya ce, "Na sani. Ni ma da haka zan yi in ban karanta ba. Koren nan da ka kankare, shi ne gidansu."

Ya gaya mini yadda ake yi. A tara ruwan a duro ko baho, a bar shi a buɗe a rana kwana biyu, a riƙa motsa shi ana ɗiba ana zubowa daga sama don iska ta shige shi. Maganin zai fice da kansa. A sansana, in ba wari sannan a zuba, kaɗan-kaɗan, ba gaba ɗaya ba. Kuma kada a taɓa kwashe tsohon ruwa duka.

Kwana biyu kawai. Da na bar duron nan ya kwana biyu.

Da aka kaɗa ƙararrawa ya riƙe mini hannun riga ya ce, "Ka je Maikunkele kuwa?" Na ce ina da aji.

Talata, da yamma

Na motsa duro. Har yanzu da ɗan wari. Hedimasta yana baho a inuwa, bai ci dusa ba. Bayan gida shiru, babu kwaɗo ko ɗaya.

Alhamis, da asuba

Ba zan rubuta maganar Bida a nan ba.

Lahadi, 13 ga Maris, bayan magariba

Na je. Na bar babur a gindin mangwaron ƙofar gidansu. Mama, mahaifiyarta, ta amsa gaisuwata tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

Hannah tana zaune a kan tabarma a bayan rumbu, ta jingina da bango. Ta rame. Ta ɗaure ƙirjinta da zane tamau, na kau da ido daga wurin. Na ajiye mata lemo da burodi. Muka gaisa kamar waɗanda suka haɗu a tasha.

Ta ce, "An kawo ruwa a Bosso?"

Na ce an kawo.

"Kifina fa?"

Na ce, "Suna nan lafiya."

"Gwaggo tana cin abinci? Ita sai an jefa mata nata gefe, sauran suna ture ta."

"Tana ci."

Ta dube ni, ta daɗe tana dubana, kamar tana jiran wata magana. Na yi mata labarin zafi, da jarrabawar da ke tafe, da tayar babur da ta fara suɗewa. Da labarin ya ƙare na miƙe.

Yaya Irimiya ya rako ni har gindin mangwaro. Ya nuna hanyar gona da haɓa ya ce, "Ba nisa. Mu ƙarasa in nuna maka wurin."

Na ce takardun yara suna jirana, wani makon.

Ya tsaya yana kallona ina ta dukan babur ya ƙi tashi.

Litinin, da safe

Suna nan lafiya. Da bakina na faɗa.

Laraba, 16 ga Maris, da la'asar

Na kwashe ruwan da ya kashe su. Na zuba na duro, wanda ya huce, ba ya warin komai sai ƙarfe. Na aro baho biyu a wurin Mama Alisabatu maƙwabciyarmu, na jera su a rana. Yanzu aikina ke nan, in dawo makaranta in ɗibi ruwa da kwano in zubo daga sama, in ɗiba in zubo. Yana hana ni tunani.

Na mayar da Hedimasta. Ya nutse ƙasa ya kwanta a kusurwa. Shi kaɗai a cikin farin siminti.

Asabar, 19 ga Maris, da yamma

Na je bakin kogin Chanchaga wurin wani masunci Banufe, Ndaceko, wanda Kambai ya kwatanta mini. Na ce ƙananan karfasa nake so, masu rai. Ya yi dariya ya ce, "Malam, wannan ko miya ba ya yi. Bari in ba ka babba." Da na ce ba ci zan yi ba, matata ce ke kiwonsu a gida, ya daina dariya ya shiga ruwa da komarsa.

Ina tsugune ina ta juya su a cikin ƙwarya. Ya ce me nake nema. Na ce mai tsagaggen wutsiya. Ya dube ni, ya ce in ina so sai ya tsaga wa ɗaya da wuƙa. Na ce a'a. Amma sai da na yi shiru tukuna kafin in ce a'a, kuma wannan shirun ya biyo ni har gida.

Ya haɗa mini da jarkar ruwan kogi, da ɗan taɓo, da kainuwa. A gida na sa su a baho da ruwansu, ina ƙara na tafki kofi-kofi har suka saba, sannan na sake su. Babu wanda ya mutu.

Lahadi, da rana

Ban je Maikunkele ba. Na aika da sabulu da sukari ta hannun wani ɗan cocinmu.

Talata, 22 ga Maris, da yamma

Mama Alisabatu ta zo karɓar bahonta ɗaya. Ta tsaya a bakin tafki, hannu a ƙugu.

"Malam, waɗannan ba su ne na Hannah ba."

Na ce kifi kifi ne.

"Kana ganin ba za ta gane ba? Yarinyar da take ba su suna?" Ta zauna a kan bulon da Hannah take zama. "Ni na ga lokacin da kake binne su. Ban ce komai ba. Amma akwai maganar da ta fi wannan, kuma tunda ka dawo kake guje mini. Ni na ɗauke ta daga nan wurin. A nan na same ta, a gindin gwaibar nan. A-kori-kurar mai itace muka tare. Tun daga Bosso har asibiti sunanka take kira. Da aka fito da..."

Na ce, "Mama, na bar wake a wuta."

Babu komai a wuta. Na tsaya a ɗakin girki har na ji ta ɗauki bahon ta fita.

Laraba, da asuba

Ta ce mini kada in kwana. Tana tsaye a ƙofa ta dafa bayanta, ta ce, "Jikina ba daɗi, in an ɗaura auren ka juyo." Na ce ai da saura wata guda cur kafin haihuwa. A Bida ake auren, abokan makaranta ne, mun daɗe ba mu haɗu ba. Aka ce a kwana, na kwana. Washegari aka ce a raka amarya, na raka. Babu wanda ya riƙe ni.

Da na dawo an riga an gama komai. Yaya Irimiya ya tare ni a barandar asibiti ya fara yi mini bayani, na ce kada ya gaya mini, na fita waje.

Na ce ba zan rubuta ba, ga shi na rubuta.

Asabar, 26 ga Maris, da hantsi

Famfo ya sake kawowa, da warinsa. Na tara a duro, ban kai ko kofi ɗaya tafki ba. Kore ya fara kama bango. Da safe na ga kwaɗo guda a ƙarƙashin kainuwa, idanunsa kawai a waje. Kurciyoyi sun dawo.

Ina ta tsara yadda zan gaya mata. In na fara daga kifi sai maganar ta kai ni wani wuri, sai in fasa.

Talata, da yamma

An yi hadari a gabas, iska ta watsar da shi.

Alhamis, 31 ga Maris, da magariba

Ta zo.

Ina bayan gida ina zubo ruwa daga kwano, ban ji shigowarta ba. Motar haya ta sauke ta a bakin titi, ta tako ita kaɗai. Ta ce katin asibitinta ta zo ɗauka, za ta koma a duba ta bayan Ista. Ta wuce baranda ta ga bargon, ta ɗaga gefensa, ta mayar.

Sannan ta zo ta tsuguna a bakin tafki. Ta sa yatsa a ruwa. Ƙananan suka watse, suka ɓuya a ƙarƙashin kainuwa. Hedimasta ne kawai ya taso.

Ta ce, "Yaushe?"

Na gaya mata duka. Famfo, buroshi, kasuwa, ramin bayan ɗakin girki. Na ce ranar da na zo Maikunkele sun riga sun mutu, ƙarya na yi mata. Na shiga bayanin kulorin, da duro, da kwana biyu, da abin da Kambai ya ce, da Ndaceko da ruwan kogi. Ina ta zuba kamar ina gaban allo. Ta bar ni har na ƙare.

Ta ce, "Na sani tun ranar. Gwaggo ba ta cin dusa, gyaɗa nake tauna mata. Da tana raye da ka ce mini ta ƙi ci."

Na ce ta yafe mini.

"Kifi ne, Shekwolo. Na ji zafi, amma kifi ne. Rafin Baba cike yake da su." Ta goge yatsanta a zane. "Ka je wurin Kambai. Ka je har Chanchaga. Duk wanda ya san wani abu a kan kifi a garin nan ka tambaye shi. Ita kuwa ba ka tambayi kowa ba."

Na ce, "Ita?"

"Ita. Mace ce."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Hannah ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Tana da gashi da yawa. Kunnuwanka ne da ita, ƙanana, a manne. Sun bar ni na riƙe ta kafin Yaya ya tafi da ita. Likita ya ce ko kana gida mai yiwuwa haka za ta faru, mai yiwuwa kuma a'a, shi ma bai sani ba. Ni ban tsaya a kan Bida ba. Na yi fushin Bida na gama. Abin da ya hana ni dawowa, ni kaɗai ce na san fuskarta, kai kuma ka ƙi ko a gaya maka."

Na ce tsoro nake ji.

Ta ce, "Ni ma."

Muka zauna har aka fara kiran salla a masallacin bakin titi. Na ce ta kwana. Ta ce a'a, Mama za ta damu. Na kai ta tasha.

Jumma'a, 1 ga Afrilu, da rana

Na shiga gidan Mama Alisabatu na ce ta ƙarasa mini maganar da na katse. Ta ƙarasa. Ta daɗe tana yi. Ban tashi ba.

Asabar, 2 ga Afrilu, da yamma

Wurin yana ƙarshen gonar babanta, a gindin ɗorawa. Ɗan tudu ne ƙarami, Yaya Irimiya ya kewaye shi da duwatsu saboda awaki. Ya kai mu, ya koma can nesa ya tsaya yana duba kunyar doya.

Na tambayi Hannah ko ta sa mata suna. Ta ce ba a sa wa wanda bai yi kuka ba, haka tsofaffi suka ce. Sai can ta ce, "Amma ni Sara nake ce mata."

Na faɗi sunan. Na sake faɗa. Na yi addu'a, ban san me na ce ba. Hannah ta ce amin.

Da muka koma gidansu mahaifiyarta ta zubo mini tuwo da kanta. Ina ci na ga Hannah ta fito da ƙullin kayanta ta ɗora a kan babur.

Ta hau baya ta riƙe ƙarfen kujera, ta bar fili tsakaninmu. Haka muka taho, ina tafiya a hankali saboda ramuka. Mun kusa shiga Bosso aka fara yayyafi, na farko a bana, ƙasa ta tashi da ƙamshi. Na rage gudu na ce ko mu fake a wata rumfa.

Ta ce, "Mu je gida."

Sai na ji ta saki ƙarfen ta kama rigata.